Yadda Za Ka Kula da Lafiyar Karenka, Daga Ranar da Kwikwiyo Ya Shigo Gida Har Ranar da Ya Kwanta Ciwo

Tun da na fara kiwon karnukan gadi, tambayoyin da ake yawan yi mini ba su wuce uku ba. "Karena ya daina cin abinci, me zan ba shi?" "Kaska ta cika masa kunne, wane magani zan saya?" Sai wadda ta fi tayar da hankali: "Kare ya ciji yarona, ina zan nufa?" Kusan kullum sai ciwon ya kwana uku ko huɗu ake zuwa da tambayar, bayan an riga an ɗura wa dabbar duk abin da aka samo a kemis ɗin unguwa. Abin da na gani da idona shi ne, jinkiri da maganin kuskure sun fi ita kanta cutar kashe karnuka a gidajenmu. Shi ya sa na ga gara in jera aikin daki-daki.

Da yawa daga cikinmu muna da kare a gida amma babu mai taɓa shi. An ɗaure shi a bayan gida, ana miƙa masa ragowar tuwo daga nesa, sai daren da aka daina jin haushinsa ake leƙa shi. Wanda ya ɗaure dabba kuwa, haƙƙinta na wuyansa: cinta, shanta da lafiyarta. In ƙyamar taɓa shi kake yi, safar hannu da sabulu sun raba gardama.

Mataki na 1: Haɗa kaya, ka san likita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Samu bokiti mai murfi ka zuba waɗannan: ma'aunin zafin jiki wanda za ka ware wa kare shi kaɗai, safar hannu, matsefata, sirinji babba da ƙarami, auduga, ayodin, basilin, kwalbar Hypo ko Jik, ƙullin gishiri da sukari irin na masu gudawa, da takunkumi ko doguwar bandeji ta ɗaure baki. Duk ana samun su a kemis da kanti, kuma ba su da tsada. Ka ƙara da ɗan littafi na rubuta kwanan wata da sunan duk maganin da aka ba shi.

Sai ka san nauyinsa, domin kowane maganin kare da kilo ake auna shi. Ka hau sikeli kana riƙe da shi, ka sauke shi ka sake hawa kai kaɗai, ka debe. Kwikwiyo duk mako biyu za a sake auna shi saboda saurin girma.

Tun yana lafiya ka karɓi lambar likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai masu zaman kansu, akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Gargaɗi: mai sayar da maganin shanu a kasuwar kara ba likitan kare ba ne. Zai iya ba ka maganin da ya dace, ya faɗa maka adadin da zai kashe.

Mataki na 2: Makon farko a gida

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. In ka je ɗauka, ka nemi ganin uwarsa da wurin da suke kwana. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai damshi, in ya yi fari fat to jini ya yi ƙaranci. Ido ya zama babu kwantsa, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya babu busasshen zawo. Cikin da ya kumbura kamar tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsa ce.

Ka tambayi katin rigakafi. Kowace allura tana da 'yar takarda da ake ɓarewa daga jikin kwalba a manna a kati, da kwanan wata da sa hannun wanda ya yi. "An yi masa allura duka" ba tare da kati ba, ka ɗauka ba a yi komai ba.

In kana da wasu karnuka, ka ware sabon na mako biyu da kwanonsa daban. Makon farko ba na allura ba ne, na lura ne: ya saba da wuri, ka ga cinsa da kashinsa. Kada ka sauya masa abinci farat ɗaya, kuma kada ka cika shi da madarar shanu ko ta gwangwani, tana sa da yawansu zawo.

Mataki na 3: Maganin tsutsar ciki

Wannan ne ke zuwa kafin allura. Yawancin 'yan kwikwiyo daga uwa suke samun tsutsa, wasu tun suna ciki, wasu ta nono. Tsarin da ake bi shi ne a ba su magani suna da mako 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har su kai wata 6, daga nan duk wata uku har ƙarshen rayuwa. Ga ƙanana an fi amfani da firantel na ruwa. Fenbendazol kwana uku a jere ake ba da shi. Ƙwayar da aka haɗa da firazikwantel ita ke kashe tsutsa mai gaɓa-gaɓa.

Ka duba kashinsa bayan magani. Doguwa fara kamar taliya ita ce aka fi gani a kwikwiyo. Wadda ke fitowa guntu-guntu kamar ƙwayar shinkafa, har ta manne a gashin dubura, ta hanyar ƙuma take shiga, don haka in ba ka kashe ƙuma ba za ta dawo. Wadda ta fi haɗari ba ka ganinta da ido: ƙarama ce mai kama bangon hanji tana tsotsar jini, alamarta baƙin kashi kamar kwalta da farin dasashi, kuma tana kashe kwikwiyo cikin kwanaki.

Gargaɗi: a kwashe kashin kare kowace rana, musamman inda yara ke wasan ƙasa, domin wasu daga cikin tsutsotsin nan suna shiga jikin mutum. Kayan cikin da kake samowa a mahauta, huhu da hanta, ka dafa su sosai kafin ka ba shi. Ɗanyensu na ɗauke da wata tsutsa da ke bi ta kashin kare ta yi wa mutum ƙulluton ruwa a hanta.

Mataki na 4: Allurar rigakafi

Allurai iri biyu ne. Ta farko ita ce haɗaɗɗiya da ake rubutawa DHLPP a kati, mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da fabo mai sa zawon jini da distamfa mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ana yin ta farko tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu, har ta ƙarshe ta faɗo yana da mako 16 ko sama da haka. Bayan shekara a sake. Ta biyu ita ce ta haukan kare: ana yi yana da wata 3, a maimaita duk shekara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi guda ɗaya a tsaya. Kariyar da kwikwiyo ya sha a nonon uwa tana iya danne allurar farko ta hana ta aiki, kuma babu mai sanin ranar da za ta ƙare a jikinsa. Dalilin maimaitawa ke nan. Har sai an yi ta ƙarshe da mako guda ko biyu, kada ya fita titi, kada ya haɗu da baƙin karnuka. In ka kai shi asibiti ka riƙe shi a hannu ko cikin kwali, kada ka ajiye shi a ƙasa.

Gargaɗi: allurar nan tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Ka ga an fito da ita daga firji mai sanyi ko kula mai ƙanƙara, a haɗa ta a gabanka, a yi nan take. Wadda aka zaro daga aljihu ko daga but ɗin babur, ruwa ce kawai. Kuma ba a yi wa kare mai zazzaɓi ko zawo rigakafi.

Batun kuɗi, farashi yana bin dala, don haka ka tambayi wuri biyu kafin ka biya. Abin da ba ya canzawa shi ne, kuɗin alluran rigakafin nan duka a haɗe ba ya kai kuɗin jinyar fabo ta 'yan kwanaki. Ta haukan kare ta fi araha, kuma wasu jihohi da makarantun likitan dabbobi kan yi ta kyauta a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Mataki na 5: Yaƙi da kaska

Nan ne masu kare suka fi shan wahala, saboda suna yaƙin a jikin kare kawai. Kaskar kare ba a jikinsa take zama ba. Tana hawa ta sha jini ta sauka, ta shige tsaguwar bango, ƙarƙashin keji, bayan tagogi, har saman katanga. Mace ɗaya in ta ƙoshi tana zuba dubban ƙwai. Na taɓa janye wani tsohon katako da ke jingine a bayan ɗakin karnukana, na tarar da ƙwan a dunƙule cikin tsaguwar siminti kamar an zuba garin shayi, 'ya'yan kuma ƙanana kamar kan allura suna bin bango sama a jere. Wata biyu ina wanke karnukan da magani, ashe rumbun yana nan.

Ga yadda ake bi. Da farko ka cire waɗanda ke jiki. Duba cikin kunne, tsakanin yatsu, wuya, hammata da matsematsi. Kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a hankali kai tsaye, ka jefa cikin kwalba mai kananzir. Kada ka fasa ta da farce, kada ka ƙona ta a jikinsa. Ka goga ayodin a wurin.

Na biyu, maganin jiki. Mafi sauƙi su ne ƙwayoyin taunawa: NexGard na wata ɗaya, Bravecto na mako 12. Su suka fi tsada, amma su suka fi hutar da mai kare, sai dai in karenka ya taɓa farfaɗiya ka faɗa wa likita kafin ya sha. Akwai Frontline na fesawa da na ɗigawa a doron wuya. Kada a yi masa wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa. Mafi araha shi ne wankan amitiraz, irin Taktic. Mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, mil 2 ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa. Ka auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. A yi a fili, da safar hannu, a kiyaye ido da baki, a bar shi ya bushe a inuwa ba tare da ɗauraya ba.

Gargaɗi: amitiraz ba na kwikwiyon da bai kai wata 4 ba ne, ba na kare mara lafiya ba ne, ba na kyanwa ba ne, kuma in kana da doki kada ko kusa ya taɓa shi. Fiya-fiya da Sniper kuwa ba maganin jikin dabba ba ne ko an sirka.

Na uku, wurin kwana. Fitar da kare da kwanukansa, ka share, ka ƙona tsummokaran da yake kwanciya a kai, ka fesa maganin kaska a bango tun daga ƙasa har sama da cikin kowace tsaguwa. Sai ya bushe sarai za a mayar da shi. Ka maimaita duk mako biyu, sau uku ko huɗu, domin feshi ba ya gamawa da ƙwai. Daga ƙarshe ka sa magini ya toshe tsagogin da siminti. Wannan ɗan aikin shi ya kawo mini ƙarshen matsalar.

Dalilin wannan wahala duka shi ne zazzaɓin kaska. Kare zai yi laushi, ya ƙi abinci, jiki ya yi zafi, dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu kamar zoɓo, wani har da haɓo. Likita zai ɗebi ɗigon jini ya duba, saboda ƙwayoyin cutar iri-iri ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Wani nau'in doksisaikilin ake sha kwana 28 cur, tare da abinci. Wanda ya tsaya a kwana biyar don ya ga kare ya miƙe, ciwon zai dawo masa. Wani nau'in allura ake yi.

Gargaɗi: Berenil, ɗaya daga cikin irin wannan allurar, wanda aka sani a wurin shanu, yana aiki a kare, amma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke lalata ƙwaƙwalwa tazara kaɗan ce. Likita ne kaɗai zai yi shi, bayan ya auna nauyi, kuma ba a maimaita shi washegari.

Mataki na 6: Ranar da ya ƙi cin abinci

Kafin ka kira likita ka yi abu huɗu, ba za su ɗauke ka minti biyar ba. Shafa basilin a ma'auni ka sa a dubura: lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2. Dubi dasashi. Ɗaga fatar doron wuya ka saki. In ta tsaya ba ta koma nan da nan ba, ruwan jikinsa ya ƙare. Sai ka dubi kashi da fitsari da amai, ka ɗauki hotonsu a waya. Babban kare mai kuzari da ya tsallake abinci sau ɗaya ana iya lura da shi zuwa gobe. Kwikwiyo ba a jira da shi.

Na koyi wannan da tsada. Na taɓa sayen kwikwiyo a bakin hanya, mai shi ya rantse an yi masa allura, ban nemi kati ba. Kwana biyar da zuwansa ya fara amai. Sai ya je ya tsaya a kan kwanon ruwa, kai a sunkuye, ba ya sha. Na ce bari in ga gobe. Goben zawo ya ɓalle, ruwa-ruwa da jini, da wani irin ƙarni da har yau in na shaƙe shi a asibiti nake gane shi tun daga ƙofa. A rana ta uku na kai shi, jijiya ta riga ta ɓace, da ƙyar aka samu wurin sa ƙarin ruwa. Bai kwana ba. Har yanzu abin yana damuna, don da na kai shi ranar farko da wataƙila ya tashi.

Wannan ita ce fabo. Ta fi kama 'yan mako 6 zuwa wata 6 da ba su gama rigakafi ba. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Abin da ke ceton kare shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, allurar tsayar da amai, da maganin da ke tare ƙwayoyin hanji kada su shiga jini, na tsawon kwanaki. Yawancin waɗanda aka kai da wuri suna rayuwa, yawancin waɗanda aka bari a gida suna mutuwa. Kafin ka isa asibiti, in ba ya amai, ka riƙa ɗiga masa ruwan gishiri da sukari da sirinji ta gefen baki kaɗan-kaɗan. In yana amai kada ka ɗura masa komai.

Bayan haka sai wanke gida. Kwashe ƙazantar, ka wanke da sabulu, sannan ka haɗa Hypo kofi ɗaya da ruwa kofi 30, ka jiƙa daɓe da kwanuka da takalmanka, ka bar shi minti 10. A kan turɓaya ba ya aiki, kuma cutar tana iya yin watanni har shekara a ƙasa. Kada ka kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya gama allurarsa duka.

In kuma ka ga majina mai kauri, kwantsa, tari, daga baya tsoka ta riƙa motsi da kanta ko baki yana taunar iska, distamfa ake zargi. A ware shi, a kira likita.

Gargaɗi: kada ka ba kare ibufurofen ko diklofenak, suna huda ciki su kashe ƙoda. In ka riga ka ba shi wani abu, ka faɗa wa likita sunansa da adadinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mataki na 7: Ciwon fata

Kare mai susa ba dare ba rana, gefen kunne da gwiwar hannu sun yi ɓawo, gashi yana zuba, ƙazwa ce ake zargi, kuma tana iya sa mutanen gida ƙaiƙayi. Akwai wata irin da ke fara cin gashi a kewayen ido da baki ba tare da susa sosai ba, an fi ganinta a ƙanana. Tabo zagayayye kamar kwabo kuwa makero ne, yara suna ɗauka. Likita zai kankari fata ya duba ya bambance su. Ƙwayoyin taunawa na kaska da na ambata suna kashe ƙazwa ma.

Gargaɗi: baƙin mai ba magani ba ne. Yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa. Ivomec, maganin allura na dabbobi, yana aiki a kan ƙazwa, amma ka san lissafinsa: mil 1 na kilo 50 ne, wato kare mai kilo 10 abin da zai samu bai wuce ɗigo kaɗan a sirinji ba. Masu cika sirinji su soka wa kwikwiyo su ke kawo shi yana tangaɗi, yana dalala, ido a buɗe ba ya gani. Wasu jinsunan karnukan waje ma ko kaɗan ba sa jure shi.

Da damina za ka ga ƙuraje kamar maruru masu ɗan rami a tsakiya, a ciki ko ƙafafu. Tsutsar ƙuda ce. Toshe ramin da basilin, ka jira 'yan mintuna, ka matsa daga gefe a hankali ta fito ɗungurungum, ka sa ayodin. Ƙudan a ƙasar da fitsari ko kashi ya ɓata yake ƙwai, don haka a gyara makwanci ya zama mai tsafta.

Mataki na 8: In kare ya ciji mutum

Wannan matakin ka karanta wa kowa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kafin su bayyana kuwa, ana tare ta tsaf.

Abu na farko, tun kafin neman mai kare ko rigima da maƙwabta: wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15. Ka duba agogo, minti 15 yana da tsawo. Ko yaƙushi ne, ko lasa a kan buɗaɗɗen ciwo, haka za a yi. Sai a sa ayodin. Kada a shafa barkono, toka ko gashin karen, kada a ɗaure tam.

Na biyu, asibiti a ranar. A ce musu cizon kare ne, a nemi allurar haukan kare, ba ta sarƙewar haƙora kaɗai ba, don mutane da yawa ita ake yi musu su koma gida suna zaton sun gama. Ana yin ta ranar farko, rana ta 3 da ta 7, wani tsarin da ƙari tsakanin rana ta 14 zuwa 28. In cizon ya yi zurfi, ko yana kai, wuya ko hannu, akwai wata allurar da ake yi a cikin ciwon kansa, a tambaya. Tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba, amma a nema. Mai ciki da jariri duk ana yi musu.

Na uku, karen. In an san shi, a kulle shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, likitan dabbobi yana dubawa. Kada a jira kwana goman kafin a fara allura. A fara, in karen ya cika kwanakin garau likita ne zai ce a tsaya. In ya mutu ko an kashe shi, kada a yar, kada a sayar wa dillalan naman kare. A kira jami'an lafiyar dabbobi su ɗauki kan a kai gwaji; Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana wannan aikin.

Gargaɗi: ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Wani shiru yake yi, ya ɓuya a lungu, muƙamuƙi ya saki, miyau na zuba, muryarsa ta sauya. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a baki. Kada ka yi. Kulle ƙofa ka kira likita. Yara kuma a saba musu da faɗin gaskiya in kare ya yaƙushe su, ba tare da tsoron duka ba, don ɓoyewar nan ita ke kai su kabari bayan wata biyu ko uku.

Mataki na 9: Guba da zafin rana

Kare mai dalala, karkarwa, zawo da ƙanƙancewar ƙwayar ido bayan feshi ko wanka, guba ce. Sa safar hannu ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ka ɗauki kwalbar maganin ka tafi da ita asibiti; akwai allurar da ke karya irin wannan gubar. Kada ka ɗura masa manja ko madara yana wannan hali, huhu za su shige. Wani maganin ɓera sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nuna kansa da zubar jini, don haka in ka ga ya ci, kada ka jira alama. Albasa, tafarnuwa da cakulan ma guba ne gare shi. A kula da ragowar miya.

Daga Maris zuwa Mayu kada a ɗaure kare a kan siminti cikin rana. Ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. In ya faɗi yana haki, harshe ya yi jawur, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan randa a ciki da ƙafafu, a yi masa fifita, a wuce asibiti.

Mataki na 10: Kyanwa da zomo

Kyanwa ma tana ɗaukar haukan kare, ita ma ana yi mata allura tana da wata 3. Tana da tata haɗaɗɗiyar rigakafin da ake farawa wajen mako 8, ana kuma ba ta maganin tsutsa. Abin da ya fi kashe ta a gidajenmu shi ne a ɗauke ta ƙaramin kare. Farasitamol ƙwaya ɗaya ya isa ya kashe kyanwa: fuska ta kumbura, dasashi ya yi ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Maganin kaskar kare mai famatirin yana sa ta farfaɗiya, ko da gogar jikin karen da aka sa wa kawai ta yi. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa.

Zomo kuwa Frontline yana kashe shi, haka ma amoksisilin da ake sha ta baki.

Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba a kai ta a duba, don hantarta ba ta jure yunwa. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi, yana kuka, yana lasar gabansa, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, mafitsararsa ce ta toshe. Masu shi kan zaci kashi ne ya ƙi fita, su ba shi mai su jira. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ƙoda ta tsaya. Ko da tsakar dare ne ka gan shi a haka, kira lambar nan da ka karɓa a mataki na farko.